Zauren Karatun Dare na Unguwarmu: Abin da Jikka Uku Ta Saya wa Ɗiyata

Tun ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, aka kira na ɗiyata a ciki, ban huta da tambaya ba. Iyaye sukan tsaya bakin shagona, wani da yadi a hannu, wani ko yadin babu, a gaisa, a yi barka, sai a gyara tsayuwa a ce, "Malam, wai ina kuka kai yarinyar nan karatu?" Ni kuwa tela ne, ƙafa na kan keke, ido na kan allura, amsar da nake bayarwa ba ta wuce in ce wurin yana da kyau, ku gwada. Wannan amsa ba ta yi wa mai tambaya adalci ba, ba ta kuma yi wa mai wurin ba. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani daga Nuwamba zuwa Yuni, daɗinsa da rashin daɗinsa, don wanda zai cire kuɗi daga aljihu ya san abin da zai saya.

Sunan mai wurin ba zan faɗa ba, domin bai sa ni talla ba, kuma akwai abubuwan da zan soka. Wurin ma ba shi da suna, ba shi da allo a ƙofa. A unguwar Zariya yake, yara suna ce masa zauren Mushe, wato Monsieur, yadda suke kiran malamin lakwal, duk da ba zaure ba ne, rumfar kwano ce a tsakar gida. Mai shi tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya bayan ya koyar a kwalejoji wajen Dakoro da Mayahi da nan cikin Maradi.

Ɗiyata tana ajin ƙarshe na kwaleji, turaziyam, lokacin da takardun dabuwar na farko, wato gwajin da ake yi masu a aji, suka dawo gida. Lissafi 6 bisa 20, fizik 7, Faransanci 9. Na zauna na daɗe ina kallon su. Ni a sankiyam na bar lakwal, mahaifina ya kai ni wajen koyon ɗinki, amma na san ma'anar 6, na kuma san wanda bai kai 10 ba bai ci ba. Abin da ya fi damuna, yarinyar ba malalaciya ba ce. Kullum in na dawo da dare nakan tarar da ita da kaye a cinya, wani lokaci barci ya kwashe ta a kansa. Na yi wa wani malami magana ya riƙa zuwa gida, ya ce jikka goma sha biyar a wata, darasi biyu kawai. Ba ni da ita. Wata mata mai kawo mani ɗinkin ƴaƴanta ce ta ce in je in ga Mushe, jikka uku yake karɓa.

Na je bayan magariba. Benci shida ne a ƙarƙashin rumfar, da bango da aka shafa wa baƙin fenti ya zama tabulo, da ampul huɗu da ke cin wutar pano biyu masu aiki da hasken rana da ke kan rufi. Ga randar ruwa a gefe, ga tabarmi a naɗe don sallar isha'i. Yara goma sha takwas na ƙirga, kowa kansa a duƙe, ba wanda ya ɗago don na shigo. Mushe yana zaune kan kujerar roba da agogon tebur a gabansa, ba ya koyar da komai. Gaskiya raina bai so ba. Na ce a zuciyata, in zama kawai za a yi, ai da tabarma a gidana.

Da aka tashi na faɗa masa haka, cikin ladabi. Ya ce, "Malam, ɗiyarka malamai nawa gare ta a lakwal?" Na ce za su kai takwas. Ya ce, "To mi na tara zai ƙara mata? An riga an zuba mata karatu tun safe har azahar. Yaushe take zama ta tauna shi?" Sai ya yago falle ɗaya daga tsakiyar kaye, ya ja layuka. A sama ya rubuta kwanakin mako, a gefe kuma, maimakon ƙarfe kaza da ƙarfe kaza, ya rubuta asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, isha'i. Ya ce yaranmu ba duka ke da agogo ba, amma ba wanda ba ya jin kiran salla. Ta je ta cika wannan takarda mako guda, duk abin da ta yi tsakanin salla da salla ta rubuta, kada ta gyara, kada ta ɓoye. Ya ce awa 168 ce a mako ga kowa, ta ɗan sarki da ta ɗan talaka, yana so ya ga inda nata ke tafiya kafin ya karɓi ko dala.

Wannan falle ɗaya, a ganina, shi ne mafi tsadar abin da na samu a wurin, kuma kyauta aka ba ni.

Da mako ya cika muka zauna ni da ita da mahaifiyarta muka karanta. Bayan asuba shara, hura wuta, ɗumama koko, yi wa autanmu wanka. Bakwai da rabi ta kama hanyar lakwal a ƙasa. Ta dawo azahar ta gota, ta ci abinci, wanke-wanke. Bayan la'asar islamiyya har rana ta yi ja. Tsakanin nan da magariba kai niƙa ko ɗebo ruwa in pampo bai zo ba. Bayan magariba taya tuwo, rabon abinci, aike gidan kakarsu. Bayan isha'i wani wanke-wanken. Sai wajen goma saura ta buɗe kaye, jiki ya riga ya mutu. Da muka tara abin da za a kira karatu na gaske, bai kai minti arba'in a rana ba, wasu ranaku babu ko ɗaya. Ƙanenta kuwa, da ke aji ɗaya a bayanta, in ya aje cokali sai ƙwallo, in ya dawo sai fada wajen abokansa da butar shayi. Ba wanda ya taɓa tsara haka da gangan. Haka muka taso muka gani, haka muka ci gaba. Amma da na gan shi a rubuce da hannun yarinyar, layi bayan layi, sai na ji nauyi a ƙirjina. Shekara da shekaru ina yi mata faɗan ta dage, ashe lokacin da za ta dage a cikinsa mu ne muka riƙe.

Mushe ya duba takardar bai yi mamaki ba. Ya ce kusan duk ta ƴan mata haka take fitowa. Ya kafa mani sharaɗi: daga magariba zuwa tara da rabi, Litinin zuwa Alhamis, da safiyar Asabar, yarinya ba ta gida. In an san za a riƙa aiko ƙanenta ya kira ta ta zo ta kwashe tuwo, gara kada a fara. Gyaran gidan bai zo da sauƙi ba. Mahaifiyarta ta ce, da gaskiyarta, hannunta biyu ne. Kakarsu ta ce ba a gidan ɗanta namiji zai duƙa kan kwanuka ba. Inda muka tsaya: niƙa da cefane da aike suka koma kan yaron, na ɗauki nauyin ɗan garuwa kusan dala hamsin a ranar da babu ruwa, wanke-wanken dare kuma aka mayar da shi safe, ana yi tare. Duk mai tunanin kai ɗiyarsa wurin nan ya sa wannan cikin lissafi, domin jikka ukun ita ce ƙaramar hidima.

Yanzu ga yadda daren ke tafiya, na zauna na gani fiye da sau goma, saboda ni ke zuwa ɗauko ta.

Da shiga akwai kwando a bakin rumfa. Mai waya ya kashe ya jefa, ba a taɓa ta sai an tashi. Na ga yaro ya yi gardama cewa darasinsa yana cikin WhatsApp, Mushe ya ce ya kwafe shi a kaye da rana, ya zo da kayen. Kowa zai rubuta a saman shafi abu biyu ko uku da zai yi a daren, ba "zan karanta tarihi" ba, sai dai "dalilan yaƙin 1914" ko "atisaye huɗu na Thalès", wani darasin lissafi. Sai a murɗa agogo. Minti 25 ba magana, ba tashi, ba aron bik. Agogo ya yi ƙara, minti 5 a miƙe, a sha ruwa, a yi ƴar hira. A sake murɗawa. Sau huɗu ake yi, da sallar isha'i a tsakiya. Ya ce dabarar ba tasa ba ce, wani Ba'italiye ne, Francesco Cirillo, ya fara ta yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980, da agogon kicin mai siffar tumatir. Da farko na ga kamar minti 25 ya yi kaɗan. Daga baya na tuna ko ni a kan keke, in ina aikin surfani, akwai iyakar da ido ke kaiwa kafin layi ya fara karkacewa, in na miƙe na dawo sai hannu ya daidaita.

Abin da ya fi wahalar da ɗiyata shi ne dokar rufe kaye. Da can karatunta shi ne ta buɗe darasi ta yi ta maimaita shi da ido da baki har ta ji ya zauna. Mushe ya hana. A karanta sau ɗaya a natse, a rufe, a ɗauki ƙaramin allo da alli a rubuta duk abin da aka tuna, sannan a buɗe a ga abin da ya zube. Makon farko ta dawo da hawaye, ta ce, "Baba, ashe ban san komai ba." Na kai masa maganar. Ya ce da ma ba ta sani ba, ido ne ya saba da shafin, ita kuma ta ɗauka kai ne ya riƙe. Ya ce gara ta gane haka a Nuwamba a gabansa da ta gane a Yuni gaban takardar jarrabawa.

Sai gwangwanaye. Kowane yaro yana da gwangwanin madara uku da ƴan katuttukan da aka yanka daga kwalin sukari. A gaba tambaya, a baya amsa. Yaushe aka kafa Jamhuriyar Nijar? 18 ga Disamba 1958. Ƴancin kai? 3 ga Agusta 1960. Taron Berlin? 1884 zuwa 1885. Dokar Ohm? U = R × I. Sabon kati gwangwani na farko yake shiga, ana duba shi kullum. In an amsa daidai ya wuce na biyu, wanda ake buɗewa bayan kwana uku. In an sake amsawa ya wuce na uku, na ranar Lahadi. Wanda aka kuskure, ko daga ina yake, ya koma na farko. Mushe ya ba mu labarin wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, da ya gwada ƙwaƙwalwarsa da haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya buga abin da ya gano a 1885: mantuwa ta fi gudu a awoyin farko da ranar farko, in kuma aka riƙa waiwayar abu ana barin tazara, sai ya daɗe bai gushe ba.

Yana faɗa ina jin kamar labarin makarantar allonmu yake bayarwa. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda ka wanke allo sai ka kife shi ka kawo hadda da ka. Kuma ba ya bari ka yi ta gaba kawai, dole ka riƙa komawa baya kana tilawar surorin da ka wuce, musamman ranar Laraba kafin a tashi hutun Alhamis da Juma'a. Ba wanda ya kira wannan da wani suna na Turai, amma shi ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda yaran da suke yin haka da la'asar a islamiyya ba su taɓa tunanin ɗaukar dabarar su kai ta kan tarihi da fizik ba, mu iyaye ma ba mu taɓa ba. Na faɗa wa Mushe, ya yi murmushi ya ce shi ma a can ya fara koyo.

Kada a ɗauka ba ya koyarwa sam. A zagaye na huɗu yakan tashi ya bi benci, wanda ya maƙale ya ɗaga hannu. Nan ne ake ganin gwanintarsa, kuma da Hausa yake bayani, sannan ya mayar da yaro ga Faransancin da za a tambaye shi da shi. Lambobin da ke ƙasa da sifiri ya ce bashi ne: kana da dala biyar, ana bin ka takwas, nawa ke gare ka? Thalès kuwa ranar wata Asabar ya fitar da su rana, ya kafa sanda, aka auna inuwarta da ta iccen bedin da ke tsakar gidan, suka fitar da tsawon iccen ba wanda ya hau. Ɗiyata ta ce wata biyu ana maganar a aji ba ta gane ba sai ranar. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki, amma takardar BEPC da ta zauna wa da Faransanci ta zo, don haka hanyar Mushe ta shiga da Hausa a fita da Faransanci ta yi mani daidai.

Safiyar Asabar ta tsofaffin takardun jarrabawa ce. Yana da tarin su na shekarun baya cikin wata tsohuwar jaka. A zauna kamar ranar gaske, a ba da lokacin da ake bayarwa, ba ƙari. Ya koya masu su karanta takarda duka kafin su taɓa bik, su fara da tambayar da suka fi sani, su raba mintoci gwargwadon makin kowace tambaya, su bar goma na ƙarshe don dubawa. A jadawalin mako ma darasin da ya fi nauyi a lissafin mwayen, wato matsakaicin makin dukkan darussa, shi ke samun zagaye mafi yawa, ba wanda yaro ya fi so ba. Ɗiyata tana son tarihi, ya rage mata shi ya ƙara lissafi, ta yi fushi kwana biyu.

Akwai abu ɗaya da yake tsanantawa wanda iyaye da yawa ba su so: barci. Tara da rabi ya kashe ampul, ya ce kowa ya je ya kwanta, kada a buɗe kaye a gida. Ya ce likitoci suna ba masu shekarunsu shawarar awa 8 zuwa 10, wanda ke tashi da asuba kuwa ko takwas ɗin ba zai samu ba in ya kai sha biyu. Wanda ke son ƙari ya ɗauki minti ashirin bayan sallar asuba ya zazzage gwangwani na farko. Masu kwana suna shan shayi da Nescafé a daren dabuwar, in ya gane su da jan ido, gida yake mayar da su.

Da azumi ya kama, ya sauya tsari gaba ɗaya, tunda dare ya zama na buɗa-baki da asham. Aka koma bayan asuba, awa ɗaya da kwata kafin a tafi lakwal, ciki da sahur, gari da sanyi. Yaran da yawa sun ce karatun watan ya fi zama. Amma a goman ƙarshe ni na karya sharaɗi. Kowa ya san shagon tela gab da salla, ɗinki har rufi, mutane a tsaye a kanka. Na riƙe ɗiyata kwana uku tana taya ni sa maɓalli da guga har tsakar dare, ba ta iya tashi ta je ba. Rana ta huɗu sai ga Mushe a bakin shago da hantsi. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya ce Allah ya ba da kasuwa. Sannan ya ce, "Malam, nawa kake biyan yaro mai guga a dare?" Na faɗa. Ya ce, "Cire shi daga kuɗina na watan nan, ka sako mani ɗalibata." Ban cire ba, amma a ranar na nemo yaro. Wannan zuwa da ya yi da ƙafarsa, cikin rana yana azumi, ba zan manta da shi ba.

To ga inda wurin ya gaza, kuma ba ƙanana ba ne duka.

Na farko cunkoso. Mu mun shiga ana goma sha takwas. Bayan fitowar sakamakon zangon farko iyaye suka yi ta kawo ƴaƴa, bai mayar da kowa ba, kafin Afrilu sun haura arba'in. Benci na mutum uku ya koma na biyar, wasu a tabarma. Zagaye na huɗu da yake bin kowa ya zama sai mai rabo, ɗiyata takan ɗaga hannu har agogo ya yi ƙara bai iso ba. Takardun Asabar da yake gyarawa a kwana biyu suka koma mako biyu, wasu ba su dawo ba sam. Kuma a watan ne ya ƙara kuɗi zuwa jikka huɗu, ba tare da ya tara mu ya faɗa ba, a bakin yara muka ji.

Na biyu wuta da zafi. In an ɗauke wutar gari, wurin ya fi gidajenmu, wannan gaskiya ne. Amma batirin ya tsufa. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce 40, kwano ya sha rana tun safe, in aka kunna fanka sai ampul su fara dushewa kafin tara. Sai a zaɓa, iska ko haske. Na ga yara suna rubutu gumi na ɗiga kan kaye, a daidai watannin da jarrabawa ta matso.

Na uku, fizik da shimi wani ɗalibin jami'a ne ke zuwa taimakawa, yaron kirki mai ilimi, amma in nasa karatun ya matsa sai a yi mako biyu ba a gan shi ba. Ingilishi kuwa babu mai duba shi, katin gwangwani kawai. Makewayi ɗaya ne, maza da mata, ƙofarsa buhu. Lungun da ake bi babu fitila, yarinya ba za ta dawo ita kaɗai tara da rabi ba, dole uba ko wa ya je. Harshen Mushe ma yana da kaifi. Yakan karanta makin Asabar da ƙarfi gaban kowa, har da na wanda ya samu 3. Akwai yarinyar da ta daina zuwa saboda haka, kuma ina ganin da ya kira ta gefe da ba ta tafi ba.

Wanda ya fi tsaya mani a rai shi ne na ɗan maƙwabcina. Tare suka shiga da ɗiyata, bai taɓa fashi ba. Ashe yaron karatun Faransancin kansa ne bai zauna ba, an yi ta tura shi aji zuwa aji yana haɗa baƙi da ƙyar. Irin wannan ko ka ba shi agogo da gwangwani goma, in ya rufe kaye ba abin da zai tuna, tunda bai fahimci abin da ya karanta ba. Abin da yake buƙata mutum ya zauna da shi shi kaɗai a koma tushe. Mushe gogaggen malami ne, ba na shakka ya gane haka tun watan farko. Ya kamata ya kira uban ya gaya masa gaskiya, ko da zai rasa jikka uku. Bai yi ba sai a Mayu, lokaci ya ƙure. Yaron bai ci ba. Na faɗa wa Mushe wannan baki da baki, ya yi shiru, ya ce yana ta sa ran yaron zai kamo ne.

Ita ɗiyata, mwayen ɗinta na zangon farko 9 ne da ɗan ɗori, na biyu ya haura 11. Lissafi daga 6 ya kai 12 a dabuwar na ƙarshe, fizik bai wuce 9 ba, Ingilishi yana inda yake. Ba ta zama ta ɗaya a aji ba, ba kuma zan ce zauren ne kaɗai ya ci mata jarrabawa ba, malamanta na lakwal sun yi nasu, mahaifiyarta ta ɗauki aikin da ba nata kaɗai ba, ƙanenta ya sha hanyar injin niƙa. Amma ranar da za ta shiga BEPC ta kwanta tara da rabi ta yi barci, da safe ta ci abinci ta fita ba ta rawar jiki. Abin da na biya Mushe duka jikka 27 ne a wata takwas, ban da na garuwa da man moto.

In ɗanka yana iya karanta darasinsa ya gane, matsalarsa rashin wuri da rashin tsari da waya da aike, ka kai shi, kuma ka kai shi tun Oktoba kafin benci ya cika. In karatun kansa ne bai iya ba, ka nemi mai zama da shi tukuna. In kuma ɗiya ce, ku fara cika takardar nan ta mako guda a gida, ku karanta ta tare da mahaifiyarta, ku ga ko za ku iya sakin awa biyu da rabi.

Mu iyaye shida mun yi magana za mu haɗa kuɗi a sayi sabon batir kafin a koma, da sharaɗin ya tsaya a yara ashirin da biyar, ya kuma daina karanta maki a fili. Ya amince da na farko, na biyu ya ce zai duba. Ni na ɗauki ƙofar makewayin, na riga na yi wa wani mai walda magana. Ɗiyata za ta shiga lise, tana son ɓangaren kimiyya, ta ce za ta ci gaba da agogonta a gida tunda ta iya. Ƙanenta ne zai hau bencinta bana. Na ja masa layukan takardarsa jiya, asuba zuwa isha'i, zai fara cikawa ranar Asabar.